Wanda ya kalli Drumline ya zo: an yi wa yaron nan Devon adalci kuwa?

Dan_Kofar_Mata: Salamu alaikum jama'a. Jiya da daddare na zauna da ƙannena biyu muka kalli Drumline, tsohon fim ne na 2002 amma ni sai yanzu Allah ya yi na gan shi. Ga wanda bai sani ba, labarin wani yaro ne Devon daga Harlem a birnin New York, Nick Cannon ne ya fito a matsayinsa, an ba shi tallafin karatu a wata jami'a a Atlanta saboda ya iya buga ƙaramar gangar nan ta 'yan badujala. To abin da ya tsaya min a rai har na kwana da shi, yaron nan ya fi kowa iya kiɗa a wajen, kowa ya sani har malamin nasu Dokta Lee ya sani, amma da aka gano bai iya karanta rubutun kiɗa ba sai aka sauke shi daga sahun farko aka mai da shi can ƙarshe. Ni dai a ganina zalunci ne. Mutum ya ji kiɗa sau ɗaya ya maimaita shi daidai har da ƙari, me kuma takarda za ta ƙara masa? Ƙanena Auwalu ya ce malamin ne da gaskiya, muka yi ta musu har ƙarfe ɗaya. Ku raba mana gardama.

Ummi_Jos: Wa alaikumus salam. Kai amma ka tuna min da baya, a faifan CD muka kalli wannan fim ɗin a falon maƙwabtanmu, yara sun fi ashirin a ƙasa kan tabarma. Ni ina bayanka, tausayi ya ba ni sosai, musamman wajen da ya je wurin babansa a ɗakin sayar da tikitin jirgin ƙasa ya gaya masa ya gama sakandare ba tare da taimakonsa ba. Yaron da ya tashi ba uba dole ka ga yana da zafin kai, duk girman kan nan ciwo ne yake ɓoyewa.

Sajan_Mai_Ritaya: Ɗana Dan_Kofar_Mata, ƙanenka ya fi ka gaskiya. Shekara 19 na yi a sashen badujala kafin in ajiye aiki, kuma jikokina sun sa na kalli fim ɗin nan sau biyu. Ba a sauke yaron don bai iya ba. Ya cika takarda cewa ya iya karatun kiɗa alhali bai iya ba, ƙarya ke nan tun daga ƙofa. Na biyu, a badujala gwani ɗaya ba ya amfanar kowa. In kuna mutum goma sha biyu a layi, dole sanda goma sha biyu su tashi tare su sauka tare, tsayinsu ɗaya daga fatar ganga, in mutum ɗaya ya ƙara ado nasa na kansa to kunnen wanda ya san aiki zai ji kamar an zubar da tsakuwa a kwano. Mu a lokacinmu in za a yi faretin ban girma ga babban baƙo, da safe ake miƙo maka taken ƙasarsa a rubuce, ba wanda zai buga maka ka ji tukun. Wanda ya dogara da kunne kaɗai ranar nan zai tsaya yana kallon bakin mutane.

Dan_Kofar_Mata: Baba Sajan ranka ya daɗe, na ji batun ƙaryar kuma ban musa ba. Amma ai a gwajin da aka yi musu ya buga abin da ke rubuce a takardar daidai ba tare da ya karanta ba, shi kaɗai ne ɗan aji ɗaya da ya shiga sahun farko.

Sajan_Mai_Ritaya: Ya buga ne saboda ya ji wanda ke gabansa ya buga. Da shi aka fara kira fa?

Bakatsine_04: Baba ya gama magana wallahi. Da shi aka fara kira da asiri ya tonu tun ranar.

Kalangu_Gado: Ku yi haƙuri in sa baki don abin ya taɓa gidanmu. Mu makaɗa ne kaka da kakanni, mahaifina kalangu yake kaɗa wa mahauta, ni ma tun ina shekara bakwai aka rataya min kuntukuru ina bin su. Ba wanda ya taɓa rubuta mana komai. Taken kowane Sarkin Fawa da kirarin kowane gida duk a ka yake, ka ji ka riƙe, in ka kuskure a ƙwale ka da makaɗi a ka. Shata ya yi waƙoƙi ba adadi shi da makaɗansa, wa ya ga takarda a hannunsu? Don haka da na ga ana wulaƙanta yaron nan a kan rubutu raina ya ɓaci, kamar ana cewa abin da iyayenmu suka yi ba ilimi ba ne. Amma kuma in faɗi gaskiya, ko a wurinmu ɗan kuntukuru ba ya wuce uban kiɗi. Kana riƙe da naka bugun ne ƙyam, shi yana hawa yana sauka a kai. Ranar da ka ce kai ma sai ka nuna gwaninta a tsakiyar fage to ranar za ka koma gida da kunne ja. Don haka rabi ina tare da yaron rabi ina tare da malamin.

Maman_Ilham: Ni tambaya ce da ni, wai da gaske jami'a take ɗaukar nauyin karatun mutum don kawai ya iya ganga? Ko dai ƙarin gishiri ne irin na fim?

Injiniya_Baton_Rouge: Hajiya gaskiya ne ba ƙari. Na yi digiri na biyu a Baton Rouge ta jihar Luwiziyana, kuma garin nan ne jami'ar Southern take, wadda ake kiran badujalarta Human Jukebox. Abin da ya kamata a fahimta shi ne fim ɗin ba kan kowace irin jami'a yake ba, kan jami'o'in baƙaƙen fata ne, waɗanda galibinsu aka kafa bayan yaƙin basasarsu da ya ƙare a 1865 saboda a lokacin ba a barin baƙaƙe su shiga makarantun farare musamman a kudanci. Sun kai kimanin ɗari yanzu. A waɗannan makarantu badujala ba abin wasa ba ce, ita ce fuskar makaranta, da ita ake jawo sababbin ɗalibai da kuɗin tsofaffin ɗalibai. Ranar da wani abokina ya fara kai ni kallon ƙwallonsu mai kama da zari-ruga na sha mamaki, ana cikin wasa mutane na ta yawo suna sayen abinci suna hira, amma da aka busa hutun rabin lokaci sai kowa ya ruga ya koma kujerarsa. Na ce masa ba yanzu ne ake fita shan iska ba? Ya ce yanzu ne abin da muka biya kuɗi dominsa zai fara. Mutum sama da ɗari biyu suka shigo fili suna ɗaga gwiwa har ƙugu, masu manyan ƙahonin nan da ke naɗe a jiki suna juya su dama da hagu lokaci ɗaya, ƙarar tana dukan ƙirjinka kamar ana buga ƙofa. Wata tsohuwa kusa da ni mai sandar dogarawa ta miƙe tsaye tana kiran sunan jikanta tana hawaye. Wallahi abin da ke cikin fim ɗin bai kai rabin yadda yake a ido ba.

Maman_Ilham: Ikon Allah. To ita jami'ar da ke fim ɗin tana nan?

Injiniya_Baton_Rouge: A'a, Atlanta A&T ƙirƙira ce. Amma abokan hamayyarsu Morris Brown makaranta ce ta gaske a Atlanta, coci ne na baƙaƙe ya kafa ta a 1881. Abin tausayi ma a daidai ƙarshen 2002 da fim ɗin ya fito aka janye mata takardar amincewa saboda matsalar kuɗi, ɗalibai suka watse, sai 2022 ta dawo da ita. Kin ga duniya na kallonsu a fim suna cika fili alhali a gida makarantar na durƙushewa.

Zazzau_Boy: ni fa duk wannan bai dame ni ba, karon ƙarshe kawai nake maimaitawa a YouTube, inda aka yi kunnen doki aka ce masu ganga su fito su raba. na kalla ya fi sau talatin

Ummi_Jos: Zazzau_Boy kar ka tuna min. A falon nan da na ce, lokacin da 'yan Morris Brown suka matso suka fara buga gangunan 'yan A&T, wani yayanmu ya miƙe yana ihu wai a mare su a mare su, don ya tuna irin haka Devon ya yi wa gangar abokin hamayya a baya wanda ya jawo dambe. Da suka tsaya cik ba wanda ya motsa sai falon ya yi tsit. Sannan da suka gama nasu suka saki sandunansu a kan gangunan mutanen, ai sai ihu, har maman gidan ta fito da tsintsiya. Sati guda bayan nan duk bokiti da kwanon da ke layinmu sun sha duka, ƙanena ya fasa robar wanka biyu da cokula.

Sajan_Mai_Ritaya: 'Yata Ummi, wannan tsayuwar da suka yi ita ce duk fim ɗin a wurina. A taɓa maka kayan aiki a gaban dubban mutane ka ƙi ko ƙifta ido. Yaron farkon fim ba zai iya ba. Zaman bencin da Dan_Kofar_Mata ke kira zalunci shi ya koya masa.

Abu_Sumayya: Ni na fara kallo na kashe. Shigar 'yan matan nan masu rawa ba ta dace a kalla da iyali ba, kuma ina mamakin yadda ake ta yabo ba wanda ya ambaci wannan. A ji tsoron Allah, yara na gani.

Maman_Ilham: Malam Abu_Sumayya maganarka gaskiya ce ta wannan ɓangaren, ni ma da yarana zan kalla sai na riƙe rimot a hannu ina wucewa. Akwai kuma wajen liyafar ɗalibai da bai kamata yaro ya gani ba. Amma akwai darasin ladabi a ciki da na so babban ɗana ya gani, shi ma haka yake, in ya iya abu ba ya jin maganar kowa.

Dan_Kofar_Mata: Malam mun gode da tunatarwa, Allah ya sa mu gyara. Amma don Allah mu dawo kan tambayar. Baba Sajan, in har ƙa'ida ce ƙa'ida, me ya sa da shugaban jami'ar ya matsa wa Dokta Lee sai ya mai da yaron fili? Ashe ƙa'idar tana lanƙwasuwa in manya na son a burge masu ba da kuɗi. Ni a nan malamin ya faɗi a idona.

Malama_Hadiza_Bichi: Wannan tambayar taka ta fi ta farko ƙarfi. Ni malamar sakandare ce shekara 14, kuma wanda na fi jin tausayi a fim ɗin shi ne malamin, don na san wannan matsin. Shugaba yana son abin da zai sa jama'a tafi, waƙoƙin zamani da rawa kamar yadda ɗaya makarantar ke yi har suka kawo mawaƙin rap cikin mota tsakiyar fili, shi kuma malamin yana son yara su fita da ilimin da zai amfane su bayan an daina tafi. Na taɓa cire wani yaro daga tawagar kacici-kacici saboda rashin kunya ga abokansa, yaron ya fi kowa ƙwaƙwalwa, washegari aka kira ni ofis aka ce in mai da shi don makaranta na son kofi. Na mai da shi don ba ni da yadda zan yi. A wajen gasar ya ƙwace makirufo daga hannun yarinyar da aka yi wa tambaya ya amsa, aka cire mana maki. Haka shi ma Dokta Lee, da ya bi maganar shugaba me ya biyo baya? Dambe a gaban tsofaffin ɗalibai ranar bikinsu. Laifin da zan ba shi ɗaya ne, shi da kansa ya je ya ɗauko yaron, ya kamata tun farko ya ajiye masa takarda a gaba ya ce karanta.

Bakatsine_04: Ba wanda ya yi maganar Sean, shugaban masu gangar. Ni a wurina hassada ce kawai ta ci shi, ba kishin ƙa'ida ba. Tun ranar farko ya tsani yaron don ya ga zai karɓe masa suna, shi ya sa ya bi diddigi sai da ya tona shi.

Kalangu_Gado: Hassada akwai, amma ka sa kanka a matsayinsa. Ka shekara uku kana tashi da asuba kana gudu da ganga a wuya, yaro ya zo jiya yana maka kallon raini a gaban yaranka. Kuma malamin ma ai bai ƙyale shi ba, ya gaya masa gaskiya cewa ya fi son jin kansa fiye da jin layin. Wajen da ya fi min daɗi duk fim ɗin ba karon ƙarshe ba ne, wajen da su biyun suka haɗu a ɗakin gwaji ne, na'ura ta fitar da abin da Devon ya buga a rubuce, doguwar takarda, shi mai kiɗan bai iya karanta abin da hannunsa ya yi ba sai Sean ne ya duba ya ga irin baiwar da ke ciki. Nan na yi shiru. Mahaifina ya rasu da take sun fi ɗari a kansa, abin da na riƙe bai kai rabi ba, sauran sun tafi da shi kabari. Da akwai wanda ya rubuta ko ya ɗauka a kaset da yanzu ina da su.

Ummi_Jos: Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta.

Sajan_Mai_Ritaya: Allah ya gafarta masa. Ka ga shi ma yaron kaset ɗin kiɗan da ubansa ya aiko masa ne ya dawo da shi hanya.

Issoufou_Damagaram: Gaisuwa daga Zinder. Mu nan fanfar muke cewa, kuma galibi ta soji ce, sai ranar 18 ga Disamba ko wani babban biki ake ganinsu. A lakwal ba mu da irin wannan ko kaɗan. Na kalli fim ɗin da fassarar Faransanci tun ina lise, wato sakandare, abin da ya ba mu mamaki ni da abokaina shi ne horon, a tashe ka da asuba, mutum ɗaya ya makara a hukunta kowa, har aski aka yi wa yaron don bai karanta littafin dokoki zuwa ƙarshe ba. Muka ce wannan jami'a ce ko bariki?

Injiniya_Baton_Rouge: Malam Issoufou ka taɓo inda fim ɗin ya yi sassauci. Horon gaskiya ne, ana shiga sansani tun kafin a buɗe makaranta cikin zafin Agusta. Amma akwai mummunar al'ada ta cin zalin sababbin shiga da fim ɗin ya nuna kamar wasa. A Nuwamba 2011 wani jagoran badujalar jami'ar Florida A&M mai suna Robert Champion ya mutu bayan dukan da abokan badujalarsa suka yi masa a cikin bas a Orlando, wai al'adar karɓar mutum ce. Aka dakatar da badujalar gaba ɗaya, wasu suka tafi gidan yari. Kuma ba ƙaramar badujala ba ce, Marching 100 ke nan, wadda Faransa ta gayyata faretin cika shekara 200 da juyin juya halinta a Paris a 1989. Don haka duk lokacin da na ji ana yabon horo ina tuna yaron nan.

Sajan_Mai_Ritaya: Wannan ba horo ba ne Injiniya, kisan kai ne. Horo shi ne a sa ka maimaita bugu ɗaya sau ɗari biyar har hannunka ya yi kanta. Duk wanda ya ɗaga hannu ya doki na ƙasa da shi don wai shi ma an yi masa, matsoraci ne, kuma na ga irinsu, na kuma kai ƙarar wasu.

Kopa_Shamsiyya: Ni a sansanin bautar ƙasa na fara riƙe sandar ganga, kuma saboda fim ɗin nan ne na shiga, tun ina yarinya nake so. Sati uku kacal, ba takarda ba komai, wani ɗan Boys' Brigade daga Kafanchan ne yake buga mana mu bi. Mata biyu ne mu kaɗai a masu ƙaramar ganga. Ranar rufe sansani da muka wuce gaban manyan baƙi na ji bugunmu ya zama ɗaya har ba na jin nawa daban, tsigar jikina ta tashi, ban taɓa jin irin wannan ba. To amma Yaya Dan_Kofar_Mata, kiɗa huɗu kawai muka iya, in aka ce na biyar shi ke nan mun tsaya.

Zazzau_Boy: wai shi Nick Cannon da kansa yake bugawa?

Injiniya_Baton_Rouge: Ya yi atisaye sosai kafin ɗauka, amma wuraren masu wuya inda ake nuna hannu kaɗai akwai ƙwararren da ya buga a madadinsa. Af, wanda ke son ganin irin wannan salon kuma, wasan da mawaƙiya Beyoncé ta yi a bikin kiɗa na Coachella a 2018 daga al'adar makarantun nan ta ɗauko shi. Akwai kuma kashi na biyu na fim ɗin da aka yi wa talabijin a 2014, mace ce jarumar, amma ni bai kama ni kamar na farko ba.

Malama_Hadiza_Bichi: Abin da ke ba ni takaici, lokacin muna firamare kowace makaranta a garinmu tana da 'yan ganguna da begila na maci, ranar 27 ga Mayu da 1 ga Oktoba a yi ta gasa a filin wasa. Makarantar da nake koyarwa yanzu gangunan na cikin sito, fatar ta yage, ɓeraye sun yi gida a babbar. Na yi magana sau uku an ce ba kuɗi.

Kalangu_Gado: Malama in fata ce matsalar ki yi min magana ta akwatin sirri, fatar akuya ake sa wa irinsu a nan kuma tana yi, ba sai an sayo ta roba ba. Ni zan ɗaure muku kyauta, ku dai kawo fatar.

Dan_Kofar_Mata: Na karanta duka, na gode ƙwarai. Na yarda saukewar farko tana da hujja tunda ya yi ƙarya, Auwalu na nan kusa da ni yana ta murna. Amma har yanzu akwai inda ban sauka ba. Bayan yaron ya gyara halinsa, ya ƙi sayar da sirrin makarantarsa ga malamin Morris Brown duk da an yi masa tayin gurbi, ya zauna da Sean sun tsara kiɗan da aka je gasar da shi, sai kuma a ce ba zai shiga fili ba sai baɗi? Kiɗansa ake bugawa yana tsaye a gefe. Sai da aka yi kunnen doki aka ga ana buƙatarsa sannan aka ce zo ka karɓi ganga. Wannan ba amfani da mutum ba ne?

Sajan_Mai_Ritaya: Ni a nan ma da ni ne ba zan sa shi ba ko a karon ƙarshen. Wanda aka karɓi gangarsa aka ba Devon fa, shi da ya yi atisaye tun farkon shekara bai yi laifin komai ba? Ba wanda ya tambayi yadda ya ji.

Ummi_Jos: Haba Baba, ai da kansa ya miƙa gangar.

Sajan_Mai_Ritaya: In shugabanka na tsaye yana kallonka 'yata, da kanka za ka miƙa.

Bakatsine_04: Ni zan sake kallon wajen yau da daddare in duba fuskar yaron, don ban lura da shi ba sam. Dan_Kofar_Mata in naka mai kyau ne ka turo min, nawa hoton duk ya dushe.